Ranar da Kwamfutar Lodi Ta Ƙi Baba Sa'adu

Bangon da ya raba ofishin Yael Rwang da na manaja falanki ne aka shafa wa farin fenti, don haka ba sai ta kasa kunne ba. Tana zaune tana ɗaura wa wata wayar netwok sabon kai, shayinta na hucewa a gefe, maganar ta shigo mata har cikin ɗaki.

"Kwana uku, Malam Sa'adu! Kwana uku muna rubuta takardar fita da biro. Kowa a kamfanin nan ya canza kalmar sirrinsa, har Pauline ta risefshan da ta fara aiki shekaranjiya. Kai kaɗai abin ya gagara."

Mista Livinus ke nan, manajan reshe. In ransa ya ɓaci muryarsa sirancewa take yi.

"Oga, abin da aka ce in buga shi na buga. Ita ce ta ƙi."

"Ita ce ta ƙi! Kwamfutar ta san dangi ne, da za ta zaɓi wanda take so ta bar wani?"

"Shekara goma sha tara ina lodi a filin nan."

"To ai shi ne matsalar. Motoci ba sa fita kan lokaci, Legas na kirana kullum kamar na kashe mutum, yanzu kuma ga wannan. Na riga na rubuta takarda a kanka. Ƙarfe huɗu zan tura wa hedikwata, su san yadda za su yi da kai. Abeg, ka je."

Sai ta ji an ja ƙofa a hankali, an rufe ta ba ƙara.

Yael ta ajiye wayar. Ba faɗan ne ya tsaya mata a rai ba, Livinus da faɗa ai an saba. Kwana ukun ne. Tun Litinin tana Bokkos tana haɗa kwamfutocin wurin tara dankali, jiya da yamma ta dawo. Livinus yana da lambarta. Mutumin da ya taɓa kiranta ranar Lahadi tana cikin coci don firinta ta cinye masa takarda, shi ne ya yi kwana uku kwamfutar lodi a mace bai ko yi mata filashin ba. Wanda yake son a gyara abu yakan kira mai gyara.

Reshen Jos na kamfanin Lambun Tudu yana bakin titi in an wuce Naraguta. Dankalin Turawa yake saye, da kabeji da karas da koren wake, ya adana a ɗakin sanyi, kullum da asuba motoci su kwasa zuwa manyan kantunan Abuja da Legas. Ma'aikata talatin da 'yan kai, kwamfuta goma sha huɗu, kuma duk wata waya da ke cikin ginin tana wuyan Yael.

Shekararta talatin da huɗu. A Anguwan Rukuba aka haife ta, can take zaune har yau, ita da mahaifiyarta da 'yarta Klaudiya. Mahaifinta, Baba Rwang, injin yankan katako ya yi wa hidima a kasuwar Katako har ƙarfinsa ya ƙare, kuma tun tana firamare ita ke kai masa abincin rana. A nan ta ga yadda yake yi in inji ya tsaya. Ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya nemi wanda ya taɓa injin na ƙarshe ya zaunar da shi a kan gungume, ya yi ta masa hira har mutumin ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba. Ta karanta ilimin kwamfuta a jami'a, ta fito babu aiki, ta yi shekara biyar a wani shago a kasuwar Taminus tana gyaran waya da laftof. Can ta koyi karanta fuskar mutumin da zai rantse maka wayarsa ba ta taɓa shiga ruwa ba, alhali shinkafa na maƙale a ramin caji. Wata takwas ke nan da ta samu wannan aiki, bayan wanda ke riƙe da shi, Ambrose, ya koma Fatakwal. Har yanzu in abu ya lalace sai wani ya ce, "Da Ambrose ne da tuni ya gama." Ba ta tanka musu. Amma tana ƙirgawa.

Kafin ta sauka fili ta buɗe kwamfutarta ta leƙa rajista. A Legas akwai wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ita ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, da sunan kowace kwamfutar da aka yarda ta shiga gidan. In ka buga sunanka a Jos, sai kwamfutarka ta aika Legas ta tambaya ko kai nasu ne, in an amsa sannan a buɗe maka. Ta nemo Sa'adu Abba. Yana nan, ba a kulle shi ba. Ta nemo kwamfutar lodi. Ita ma tana nan da sunanta. Ta zari jaket ɗinta, ta jefa waya a aljihu, ta ɗauki sabuwar wayar netwok da sukundireba.

Livinus ya tare ta a baranda.

"Madam Injiniya, kin dawo ashe. Wancan akwatin na lodi, kar ki ɓata lokacinki. Ki goge shi gaba ɗaya ki sa sabon komai."

"Sai na ga ciwon tukuna, Oga."

"Ciwon na zaune a kan kujera da hula."

Ta yi murmushi ta wuce.

Ofishin lodi ɗan ɗaki ne a ƙarshen fili, jikin ɗakin sanyi, taga ɗaya tana kallon inda motoci ke tsayawa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, iska na shiga ƙashi. Tun da ta zo kamfanin ba ta taɓa zama a ɗakin ba, don kwamfutarsa ba ta taɓa kawo ƙara ba. Ta tarar da Baba Sa'adu a zaune, dogo siriri, ya ɗora suwaita kan kaftani, ya jera takardun da ya rubuta da hannu a gefen tebur kamar mai shirin miƙa mulki. Mutanensu makiyaya ne da suka zauna tun zamanin kakansa, shi kuma bai taɓa kiwo ba, lodi ya tashi a ciki. Ya san mahaifinta, don a wurinsa kamfanin yake sayen katakon akwatuna a da.

"'Yar Rwang, kin zo jana'iza?"

"Wa ya mutu, Baba? Tashi ka ba ni kujera."

Ta fara daga ƙasa. Ta durƙusa bayan tebur, ta zare wayar netwok ta sa sabuwa. Koriyar fitila ta kama ƙiftawa. Ta ce ya buga sunansa ta gani. Ya sa tabarau, ya buga da yatsa biyu, harafi bayan harafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kwamfutar ta yi jim, ta kawo saƙon cewa ba a iya tabbatar da shi ba, ya nemi mai kula da na'ura.

"Kin gani? Tun Litinin waƙarta ke nan."

Yael ta buga nata sunan da tata kalmar sirri. Saƙon bai canza ba.

"To, Baba, ni ma ta kore ni. Ashe ba tsufa ba ne."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun da ta shigo.

Saura ƙofar baya. Kowace kwamfuta a ginin tana da wata kalmar sirri ta mai gyara, wadda ba ta bi ta Legas, kuma duk wanda ya shiga da ita zai iya taɓa komai. Ambrose ne ya sa ta, guda ɗaya ga dukkan kwamfutocin, ya rubuta mata a takardar miƙa aiki. Ranar da ta karɓi aiki ta ce za ta canza ta cikin makon. Wata takwas ke nan. Tana bugawa Baba Sa'adu ya juya ya kafa wa taga ido, ya yi ta kallon fili da babu kowa a cikinsa. Mutane kan kau da kai in ana buga sirri, amma wannan kau da kan ya yi yawa. Ta ajiye abin a ranta.

Ta shiga. Ta kira saba da lambarta, ta amsa. Ta kira ta da sunanta, ta amsa. Hanya a buɗe take har Legas, ke nan ana jin sallamarsu, ƙin amsawa ake yi. Ta tuna agogo, don duk wanda ya yi wannan aiki ya san agogo na hana shiga. Ta dubi ƙasan sikirin: goma da minti hamsin da biyu. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango: goma da hamsin da biyu. Ta wuce wurin.

Awa guda ta yi tana tono. Ta duba ko akwai wata kwamfutar da ta saci sunan wannan, babu. Ta duba ko wani ya soka 'yar na'urar intanet tasa a bayan akwatin, kamar yadda samarin ɗakin sanyi suke yi don kallon ƙwallo, babu. Ta share abin da kwamfutar ta haddace na adireshi, ta kashe ta kunna. Saƙon na nan daram. Baba Sa'adu ya aika aka kawo mata masara gasasshiya daga bakin titi, ta ci rabi ba ta san ta ci ba.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ogechi ce, ta sashen kwamfuta a hedikwata.

"Yael, manajanku ya turo mana saƙo. Ya ce mai amfani da ita ne ya lalata ta. Ki goge ta ki sake ɗora ta kan rajista, awa biyu kin gama."

"Me kuka canza ranar Juma'a, ban da kalmar sirri?"

"Ba komai. Au, mun rufe tsohuwar hanyar tantancewa, saura sabuwar kaɗai. Amma sauran kwamfutoci ɗari uku ba su yi kuka ba. Ki goge kawai, 'yar'uwa, kar ki wahalar da kanki."

Suka yi sallama. Yael ta tsaya da wayar a hannu tana tunanin maganar. Gogewa za ta yi aiki, wannan ba ta shakka. Kafin ƙarfe biyu kwamfuta za ta tashi, a ce Yael ta gyara, ƙarfe huɗu takarda ta tafi, kuma ba wanda zai taɓa sanin me ya faru. Idonta ya sauka kan fuskar wayar. Sha ɗaya da minti talatin da ɗaya.

Ta ɗaga kai. Agogon bango ya ce sha biyu saura minti tara.

Ta dubi sikirin. Sha biyu saura tara.

"Baba, ƙarfe nawa a hannunka?"

Ya ja hannun suwaita. "Sha biyu saura tara."

Ta zauna sosai a kujera. Kunya ce ta fara kama ta, sai kuma dariya. Ta tambayi shaidu biyu, ashe bakinsu ɗaya. Ta buɗe wurin da kwamfuta ke karɓar lokaci daga saba, ta tarar an kashe shi, kuma ba yau ba.

"Baba Sa'adu, zo ka zauna. Wa ya tura agogon ɗakin nan gaba da minti ashirin?"

"Ai haka yake."

"Haka aka sayo shi daga kanti?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin kaftani. "Agogon lodi ne, 'yar Rwang. Duk direban da ke filin nan ya san shi."

Ya ba ta labarin a hankali. Yana ɗan shekara sha shida ya fara bin baffansa kara, inda ake lodin shanu zuwa kudu. Baffan nan agogonsa kullum yana gaba da minti ashirin, kuma duk mai lodin da ya koya a hannunsa haka yake yi. Direba ba ya tashi sai ya ga an makara. In ka ce masa bakwai saura kwata, shayi zai nema, ya je ya duba taya, ya tsaya gaisawa. In ya leƙo ya ga bakwai ta wuce, da gudu zai hau mota.

"To yanzu kowa da waya a aljihu," in ji Yael. "Ba sa dubawa?"

"Suna dubawa mana. Sun san yana gaba. Amma in na nuna bango na daka tsawa, jikinsu ba ya tsayawa lissafi."

"Na ji na bango. Ita kuma kwamfutar me ta yi maka?"

"Ita ke buga lokaci a takardar fita. Da aka kawo ta, sai bango ya ce bakwai da biyar, takarda ta ce bakwai saura kwata. Wani ɗan iskan direba ya ɗaga takardar a gaban kowa yana cewa Baba, inji ya ƙaryata ka. Sai na gyara ta. Washegari ta koma. Na sake gyarawa ta sake komawa. Na sami Ambrose, ya taɓa wani wuri ya ce ba za ta ƙara komawa ba, ya rubuta mini kalmar nan tasa ko da za a ɗauke wuta ta rikice."

Ya ɗaga kibod. A ƙasansa akwai 'yar takarda da aka manna da salatif, ta yi ja don tsufa.

"Tun Litinin ka yi zargin agogon ne?"

"Ya zo mini a rai. Amma in na faɗa, sai a ce wa ya ba ka kalmar mai gyara. Wancan laifin kora ne kai tsaye, na karanta a dokar kamfani. Gara a ce na tsufa da a ce na yi sata."

Ta yi masa bayani yadda zai gane. Sabuwar hanyar tantancewa ba ta karɓar sallama sai da lokaci a jikinta, don kada ɓarawo ya tsinci ta jiya ya shiga da ita yau. In agogonka ya saɓa da na saba fiye da minti biyar, a wurinta kai ɓarawo ne. Shekara da shekaru kwamfutarsa takan ƙwanƙwasa sabuwar ƙofa a kore ta, sai ta zagaya ta tsohuwa wadda ba ta tambayar lokaci. Ranar Juma'a aka toshe tsohuwar.

Ta kunna abin da aka kashe, ta umarci kwamfutar ta tambayi Legas ƙarfe nawa. Suna kallo lambobin suka ja da baya. Ta kashe ta kunna, ta tashi ta ba shi kujera. Ya yi bismillah, ya buga sunansa, aka nemi sabuwar kalma, ya buga sau biyu. Fuskar aikinsa ta buɗe, jerin motoci da kaya kamar ba abin da ya faru.

"Alhamdu lillahi." Sai kuma ya dube ta. "Me za ki rubuta?"

Tambayar da take yi wa kanta ke nan. In ta rubuta gaskiya, ta miƙa wa Livinus wuƙar da ta fi wadda yake riƙe da ita kaifi. Ta kuma yanki kanta, don tambayar farko da Legas za ta yi ita ce, me ya sa kalmar Ambrose ke aiki wata takwas bayan tafiyarsa? Ta lura da yadda zuciyarta ta yi saurin kawo mata mafita: ki ce batirin agogo ne ya mutu, an yi wa tsoho sutura. Ta san kanta. Ba tsohon take son suturtawa ba.

Tana juya abin idonta ya faɗa kan tarin tsofaffin takardun fita a kan kanta. Ta zaro ɗaya. Motar Abuja, ta fita bakwai da minti goma sha biyu. Ta zaro wata. Bakwai da minti takwas.

"Baba, dokar hedikwata ƙarfe nawa mota za ta bar fili?"

"Kafin bakwai."

"Kuma wannan lokacin na jikin takarda shi ake tura musu?"

"Kullum. Shi ya sa suke cin naman Oga."

Ta kwashi takardun wata guda ta nufi get. Siman maigadi na zaune a rumfarsa da rediyo a cinya. Tsohon soja ne, kuma duk motar da ta fita sai ya rubuta lambarta da lokaci a wani dogon littafi da ba wanda ya taɓa neman gani.

"Da wane agogo kake rubutawa, Baba Siman?"

"Da wayata mana. Ni zan bi agogon Sa'adu? Mutumin da zai sa ka yi Kirsimeti tun ana ashirin da huɗu?"

Ta shimfiɗa takardun a kan bencinsa, ta bi layi-layi. Takarda ta ce bakwai da sha biyu, littafi ya ce bakwai saura takwas. Takarda ta ce bakwai da takwas, littafi ya ce bakwai saura sha biyu. A cikin wata guda cur, mota biyu kaɗai suka wuce bakwai da gaske, ɗaya kuwa ranar da taya ta fashe a bakin get ne. Baba Sa'adu ya yi shekaru yana fitar da motoci kan lokaci, yana kuma buga wa kansa shaidar makara da hannunsa.

Sai wani abu ya faɗo mata wanda ya sa ta tsaya cak. Da ta goge kwamfutar, agogon zai daidaita da kansa ba wanda ya sani. Duk wanda aka ɗora a kujerar nan ranar Litinin zai ga motoci na fita kafin bakwai tun ranar farko, ba tare da ya ɗaga ko buhu ɗaya ba. A ce ai ga shi, da ma tsohon ne.

Ƙarfe uku da kwata ta shiga ofishin manaja da littafin Siman a hammata. Livinus na zaune, takardar a buɗe a kwamfutarsa, yana taɓa ta nan da can.

"Kin goge?"

"Na gyara. Baba Sa'adu na ciki yana aiki."

Fuskarsa ba ta yi farin ciki ba, kuma ya san ta gani. Ta ajiye masa littafin da takardun gefe da gefe, ta yi bayani ba gaggawa. Ya bi layi uku da yatsa, ya koma farko ya sake bi.

"Kina nufin duk zagin da nake sha..."

"Minti ashirin ne na bango."

Ya jingina da kujera. Yael ta dube shi da kyau. Wata goma sha huɗu da aka turo shi Jos, kowane taron wata sai an karanta sunan reshensa a cikin masu makara. Ba ƙin Baba Sa'adu yake yi ba. An nemi kai ne daga sama, ya duba ya ga wanda ya fi sauƙin cirewa ba nasa ba. Da kwamfutar ta mutu ranar Litinin, sai ya bar ta a mace ta yi masa aikin.

Amma bai saki ba tukuna. "Duk da haka ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba. Da kalmar mai gyara. Kin san hukuncin wannan."

"Na sani. Zan rubuta shi. Ga yadda rahoton zai tafi: na farko, Yael Rwang ta bar kalmar Ambrose wata takwas ba ta canza ba. Na biyu, jerin duk kwamfutocin da aka shiga da kalmar bayan tafiyarsa. Na duba kafin in shigo, guda huɗu ne." Ta ɗan dubi akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa. "Wannan ma da ita aka sa manhajar kallon ƙwallo a watan Maris."

"Wannan ai... weekend ne."

"Na sani, Oga. Na uku kuma, reshen Jos bai makara ba, ga littafin get shaida. Legas za su fi son na ukun. Amma in takardarka ta riga tawa isa, sai su tambaya me ya sa aka kori mutumin da ya fi kowa fitar da mota kan lokaci, ana saura awa guda a gane."

Livinus ya kaɗa biro a tebur. Ya dubi littafin, ya dubi sikirin. Ya kai hannu ya rufe takardar, kwamfutar ta tambaye shi ko a adana, ya danna a'a.

"Ki ce masa ya ci gaba da aikinsa. Gargaɗi zan ba shi a rubuce, shi ke nan." Ya share gumi duk da sanyin. "Madam, wannan na biyun, dole ne ya shiga?"

"Dole ne. Nawa ma ya shiga, kuma shi ne a sama. Yau kafin a tashi zan canza kalmar a dukkan kwamfutocin."

"Ke dai ba ki da tsoro."

"Ina da shi. Na auna ne na ga goge kwamfutar ya fi ba ni tsoro."

Ta tattara takardun, ta mayar da littafin hammata don Siman ya ce kar ya kwana a waje. Har ta kama hannun ƙofa Livinus ya ce, kamar mai magana da kansa, shi fa har yanzu bai gane yadda mutum ɗaya ke fitar da mota tara kafin bakwai ba.

Ta juyo.

"Biyar da rabi yake farawa, Oga. Ka sauko fili gobe ka gani da idonka. Ka zo da rigar sanyi."